Malam, Zai Fito a Jarrabawa?



Duk wanda ya san Tirkaniya ya san unguwa ce da masana'antu suka yi wa zobe. Ka fito bakin titin Nnamdi Azikiwe, wanda kowa ke kira baifas, tireloli da tankoki suna ta kai-komo ba dare ba rana. Ka waiwaya nan, ga Kakuri da Makera: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da UNTL, da Arewa, da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, da ma'aikatar ƙera makamai ta DICON. Ka waiwaya can, ga Kudenda da nata kamfanonin. Daga gidajen wannan yanki yara suke sammako, su hau Keke Napep ko bas, su haye Kogin Kaduna zuwa Tudun Wada, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take koyar da aikin injiniya. Wasu sun yi nisa har Samaru, suna Jami'ar Ahmadu Bello. Da yawansu da albashin masaƙa aka reni iyayensu.

To, yau kan karatun waɗannan yara za mu tsaya, musamman wata hanyar koyarwa da ake ta yabo a tarukan malamai, da kuma abin da su ɗaliban suke faɗa a kanta idan malam ya fita daga aji.

Hanyar ita ce, maimakon malami ya cika allo da lissafi ɗalibi ya kwafa, sai ya shigo da labarin wani aiki da aka yi da gaske. Gadar da ta karye, ko injin da ya ƙi tashi, ko madatsar ruwan da ta ɓalle. Ya raba musu zanen, ya ba su alƙaluman, ya gaya musu wa ya ce me, a wace rana. Daga nan ya koma gefe ya ce: ku ne injiniyoyin wurin, me za ku yi? Lauyoyi ne suka fara, a Jami'ar Harvard ta Amurka a 1870, ta hannun wani malami Christopher Langdell, wanda ya riƙa koyar da shari'a daga hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke. Masu karatun kasuwanci suka ɗauka. Likitoci suka ɓullo da dangin hanyar a Jami'ar McMaster ta Kanada a 1969, Jami'ar Aalborg ta Denmark kuma tun kafuwarta a 1974 ta ɗora karatun injiniyoyinta a kan warware matsala cikin rukuni.

Bari in ba ku wanda kusan kowane malamin gine-gine ya sani, don ku ji yadda abin yake. Ranar 17 ga Yuli, 1981, ana wani biki a otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a Amurka. A saman babban zauren akwai barandoji na wucewa a rataye, cikinsu akwai biyu, ɗaya a hawa na huɗu, ɗaya a hawa na biyu daidai ƙarƙashinta. A zanen farko, doguwar sandar ƙarfe ce za ta taho daga rufi, ta ratsa barandar sama, noti ya riƙe ta a nan, sannan sandar ta zarce ƙasa ta riƙe ta biyun. Kamfanin da ya ƙera ƙarafan ya ga ɗaura noti a tsakiyar doguwar sanda irin wannan wahala ce. Sai aka raba ta biyu: ɗaya daga rufi zuwa barandar sama, wata kuma daga barandar sama zuwa ta ƙasa. A ido, duk ɗaya ne. Amma ku ɗauki guga biyu cike da ruwa. In kowane ka ƙulle shi a jikin igiya ɗaya, kowane ƙulli nauyin gugansa kaɗai ya sani. In kuwa ka rataya na ƙasa a gindin na sama, ƙullin sama ya ɗauki guga biyu ke nan. Abin da ya faru ke nan da mahaɗar da ke riƙe barandar sama: nauyin da ke kanta ya ninka, ƙarfen ya yage, barandojin suka rufto kan jama'a. Mutum 114 suka mutu. Bincike ya nuna ko zanen farkon ma bai cika ƙa'idar ginin birnin ba, daga baya kuma aka ƙwace lasisin injiniyoyi biyu da alhakin duba zanen ke wuyansu.

Lissafin da zai tona wannan kuskure, ɗan ajin farko na difloma ya iya shi. Layi uku ne a takarda. Shi ya sa idan aka ba ɗalibai labarin, kafin a gaya musu ƙarshensa, aji yakan yi tsit, sai can wani ya ɗaga kai ya ce, kai, ai nauyin ya zama biyu. Wanda ya gano haka da kansa ba ya mantawa.

Wannan shi ne abu na farko da ɗalibai suke faɗa, kuma kusan bakinsu ɗaya a kai. Za ka ji yaro na cewa sai yau ya san amfanin abin da ya yi shekara yana haddacewa. Wata ta ce wannan ne darasin da ba ta yi gyangyaɗi ba. Wasu kuma abin da ke kama su shi ne, ashe aikin injiniya akwai mutane a cikinsa: akwai mai kuɗi da ke gaggawa, akwai ɗan kwangila da ke neman sauƙi, akwai takardar da wani ya sa wa hannu bai karanta ba. Littafin lissafi ba ya kawo waɗannan.

Amma kafin a tashi, daga bayan aji hannu zai ɗagu. Malam, wannan zai fito a jarrabawa?

Malamai da yawa suna jin haushin wannan tambaya. Suna ganin ta lalaci ce, yaran zamani ba karatu suke so ba, takarda suke so. Ni kuwa ina ganin ita ce magana mafi gaskiya da ake yi a cikin ajin, kuma wanda ya yi ta ya fi kowa fahimtar inda yake. Ku duba lissafinsa. Kashi 60 ko 70 cikin 100 na makin kwas yana cikin jarrabawar ƙarshen zango, awa biyu ko uku, ba littafi, ba shawara. Tambayoyin nan ya ga na bara da na bara waccan: kawo ma'anar kaza, lissafo kaza guda biyar, fito da wannan ƙa'ida daga tushe. Duk suna cikin handawut. In bai samu sakamako mai kyau a ND ba, ba HND. In a jami'a yake, ya san kamfanoni da yawa ba sa duban takardar da ba ta kai 2:1 ba. A gida kuma akwai uban da ya yi shekara da shekaru yana bin haƙƙinsa na sallama daga masaƙa, da uwar da ke tuyar ƙosai ana haɗa kuɗin rajista. Yanzu ka ce wa wannan yaro ya ɓata mako biyu yana muhawara a kan wani otal na Amurka, ka ba aikin maki biyar, sannan ranar jarrabawa ka tambaye shi abin da ke shafi na 14 na handawut? Ai ya yi hankali da ya tambaya. An koyar da shi ta wata hanya, za a auna shi ta wata, shi kuma ya san wadda za ta bi shi har ofishin neman aiki.

Saboda haka idan aka ce ɗalibai ba sa son wannan hanya, a fara duba takardar jarrabawar tukuna.

Sai dai kuma kada a ɗauka duk abin da ɗalibi ya faɗa game da karatunsa haka yake. A nan akwai abin mamaki da masu bincike suka gano. Wani malami, Aman Yadav, da abokan aikinsa sun gwada a Amurka. A binciken da suka wallafa a 2010 kan ɗaliban injiniyan injuna, yaran sun yaba wa koyarwa da labarin aiki na gaske, sun ce ta fi jan hankali, ta fi kusa da zahiri. Da aka auna fahimtarsu, babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninta da lakca. A wani binciken na 2011, kan ɗalibai 55 masu karatun injiniyan lantarki, abin sai ya juye: ƙaruwar da suka samu ta hanyar warware matsala ta ninka ta lakca, amma da aka tambaye su, sai suka ce a lakca suka fi ƙaruwa. A 2019 aka sake ganin irin haka a ajin kimiyyar fiziks a Harvard. Waɗanda aka sa su yi fama da tambayoyi da kansu sun fi cin gwaji, amma sun fita suna jin ba su koyi abin kirki ba. Waɗanda gwanin lakca ya yi wa bayani tiryan-tiryan sun fita da farin ciki, makinsu kuma ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Malamin da ya iya baki yana warware lissafi a allo, kana bi, kana gyaɗa kai, komai sumul, sai ka ɗauka ka iya. Ranar da aka bar ka kai kaɗai da farar takarda ka san ba ka iya ba. Ita kuwa ɗaya hanyar tun a aji take nuna maka ramin da ke cikin saninka, kuma ba mai jin daɗin ganin haka. Ɗalibi sai ya fassara wannan rashin jin daɗi da cewa malamin bai iya koyarwa ba, ko yana gudun aikinsa ne. Akwai ma wani babban nazari na 2014 da Scott Freeman ya jagoranta, wanda ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da lissafi da aikin injiniya: inda lakca ce zalla, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa, inda ake sa su aiki da kansu a aji kuwa, kusan kashi 22.

To kun ga, takardar nan da ake rabawa a ƙarshen zango, wai ka ji daɗin kwas ɗin ko ba ka ji ba, ba ta isa hujja ba, ko ta yabo ko ta suka. Jin daɗi daban, ƙaruwa daban. Inda ya kamata a buɗe kunne sosai shi ne inda ɗalibi ya kama sunan abin da ke damunsa. A nan ba ya kuskure.

Misali aikin rukuni. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma tambayi duk wanda ya taɓa zama a rukunin mutum goma sha biyu. Biyu ne ke aikin. Uku za su kawo kuɗin buga takarda. Sauran sai ranar miƙawa za su ɓullo, a sa sunansu da lambarsu. Mace ɗaya ko biyu da ke cikinsu, sau da yawa ita za a miƙa wa biro a ce ta riƙa rubutawa, maza su riƙe kalkuleta, ko da kuwa ta fi su lissafi. Maki kuma a raba daidai. Mai ƙoƙari ya ji an cuce shi, kuma an cuce shi ɗin. A ajin mutum ɗari biyu da malami ɗaya, ba wanda zai san wa ya yi me, sai in malamin ya ɗauki al'adar nuna mutum da yatsa ya ce kai, tashi ka kare abin da rukuninku ya rubuta.

Akwai kuma wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba, wato kunya da harshe. Tirkaniya gari ne na kowa da kowa: Bahaushe, Bagwari, Bajju, Atyap, Ibo, Bayarabe. A bakin shago Hausa da buroka sun wadatar. A aji kuwa Turanci ne, kuma wannan hanya tana son mai magana. Yaron da ya girma a garejin babansa, wanda da jin kukan inji ya san inda ciwon yake, yana iya yin shiru har a tashi don tsoron kada ya yi ɓarin Turanci a yi masa dariya. Wanda ya fito makarantar kuɗi, bai taɓa riƙe sifana ba, shi zai cika ajin da surutu ya kwashe makin. Malami mai lura yakan bar rukuni su yi gardamarsu da harshen da ya fi musu sauƙi, in ya so a rubuta rahoton da Turanci.

Sannan tarbiyyarmu. An hore mu kada mu ja da na gaba. Yaro ya dubi malami ya ce, Malam, ina ganin ba haka ba ne, abu ne mai nauyi a bakinsa, wani malamin ma ba zai ɗauka ba. Ni ban ce a zubar da ladabi ba. Amma ku tuna aikin da ake shirya yaron nan ya yi. Wata rana zai tsaya a gaban Alhaji mai gini, wanda ya girmi mahaifinsa, wanda kuma shi ke biyansa. Alhaji ya ce rodi ya yi tsada, a sa mai milimita 12 a inda zane ya ce 16, ai bambancin kaɗan ne. Bambancin ba kaɗan ba ne: ƙarfen da ke cikin mai 12 bai kai kashi 60 cikin 100 na mai 16 ba. Dole yaron nan ya iya cewa, ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba, cikin ladabi, kuma ya tsaya a kan bakansa ko da aikin zai kuɓuce masa. In bai taɓa gwada musu da hujja a aji ba, inda abin da zai rasa bai wuce maki ba, a ina zai koya?

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne na cewa labaran duk na waje ne. Otal a birnin Kansas. Gadar Tacoma da iska ta kaɗa har ta karye a 1940. Kumbon Challenger da ya tarwatse ranar 28 ga Janairu, 1986, da mutum bakwai a ciki, saboda sanyi ya ƙagar da robar da ke toshe mahaɗar roka, bayan injiniyoyi sun yi gargaɗi tun daren jajibiri manya suka ƙi ji. Darussa ne masu kyau, ba na musu. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma ɗan Tirkaniya yana da gaskiya in ya ce, mu da ba mu da kumbo, ba mu da ƙanƙara, babu abin da ya taɓa lalacewa a nan ne?

Akwai mana. Yana wuce su kullum a hanyar makaranta.

Ga KTL, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta rufe a 2002. UNTL ta tsaya a 2007, kafin daga baya a ɗan farfaɗo da wani sashe. Kowa ya iya ba da labarin a siyasance: fasa-ƙwauri, atamfar Sin, sakacin gwamnati. Amma a ciki akwai tambayoyin injiniya tsantsa. Nawa ake kashewa a baƙin mai kafin tukunyar tururi ta ba da abin da sashen rini ke bukata? In wutar NEPA ta ɗauke ana tsakiyar saƙa, me ke samun zaren, kuma nawa janareta ke ƙarawa a kan kowane yadi? Yaushe ya kamata a ce an sauya tsofaffin injinan saƙa, kuma me ya hana? Ruwan rinin da ake sakowa ta magudanar Kakuri da Makera zuwa kogi, da me ya kamata a tace shi? Wannan kwas guda ne cur, na injuna da lantarki da sinadarai.

Ga tashar wuta ta Kudenda, mai megawat 215, da aka ba da kwangilarta a 2009 don ta farfaɗo da masana'antun Kaduna. Shekara fiye da goma ta wuce ba ta ba su wutar ba. A 2017 har Majalisar Dattawa ta shiga maganar, kan shirin kunna ta da man dizal. Bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, sai a 2020 aka ƙaddamar da aikinsa. Ka ba ɗaliban lantarki wannan ka ce: ga inji, ga nisan man da zai ci, ga farashin kowane irin mai, ku fito da kuɗin kowane yunit na wuta, sannan ku gaya mini da wanne ya kamata a fara, tasha ko bututu. Ba sai ka ce musu tun ran gini ran zane ba, lissafin zai gaya musu.

Ga madatsar Bagauda da ta ɓalle a Kano a watan Agustan 1988. Ga ta Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ga bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya kashe mutum fiye da 40, wanda jaridu suka buga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin farko ya rubuta tun Fabrairun 2020 yana zare hannunsa daga aikin. Wannan kaɗai ya isa muhawarar mako guda: zare hannu ya wadatar, ko akwai wanda ya wajaba a kai wa ƙara?

Me ya sa ba a koyar da su yadda ya kamata? Saboda labarin da za a koyar da shi sai da takardu. Abin da ya sa duniya ta san ƙusar Hyatt ɗaya bayan ɗaya shi ne hukumar gwamnati ta bincika, ta buga rahoto, kowa ya karanta. Mu kuwa an fi sabawa da a kafa kwamiti, a miƙa rahoto gaban kyamara, daga nan sai durowa. Kamfani kuma yana ganin ba da alƙalumansa tonon asiri ne. Inda muka yi abin kirki shi ne harkar jiragen sama: hukumar binciken haɗurra takan wallafa rahotanninta, ɗalibi a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi ta Zariya ko a AFIT ta nan Kaduna yana iya saukewa ya karanta. In an iya a jirgi, ban ga abin da zai hana a gini da madatsar ruwa ba.

Kafin a kai can, malami ba sai ya jira kowa ba. A ce ya ɗauki kwalbati ɗaya a wani lungu na Tirkaniya, irin wanda duk watan Agusta ruwa ke tsallake shi ya shiga gidaje. Ya tura ɗalibai da tef da na'urar awon gangare. Su auna rufin kwano nawa ne ke zubo da ruwa nan, su nemo alƙaluman ruwan sama, su lissafa ko bututu mai milimita 600 ya isa ko sai 900. Wannan duk yana cikin littafi. Sai su zauna da mai unguwa, ya gaya musu da can ruwan ta wancan fili yake bi, yanzu an yi gini a kai. Su leƙa cikin kwalbatin su ga rabinsa yashi ne da ledar fiya wata. Sannan malam ya ce musu kuɗin da kansila ya samo na ƙaramin bututu ne kawai. Rukuni biyar za su dawo da amsa biyar, uku daga ciki kuma duk suna iya zama daidai. Ɗalibai sukan tsani wannan da farko, su ce Malam, to wacce ce amsar? Amma haka aikin yake a waje.

Masu ba da labarin ma suna nan da ransu. Tsofaffin fitocin masaƙa da masu kula da tukunyar tururi suna zaune a Tirkaniya da Nasarawa da Kakuri, wasu suna gadi, wasu suna sayar da kati. Wanda ya kama aiki a shekarun 1970 yanzu ya haura saba'in ko yana dab da ita. Wayar hannu ta isa a ɗauki bayaninsu, kuma ƙungiyar ɗaliban kowane sashe tana iya yi ba tare da an ware mata ko kwabo ba. Kwalejin Kaduna ta riga ta nuna ana iya ƙetare katangar da ke tsakanin makaranta da masu aikin hannu, lokacin da ta jawo masu sana'ar Panteka kusa a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje.

Wasu ɗaliban, galibi masu ƙoƙarin ciki, tsoronsu daban ne: kada a cika su da labari a bar lissafi. Suna da hujja. Wanda bai iya zana ƙarfin da ke aiki a kan sanda ba, labarin Hyatt a wurinsa tatsuniya ce mai ban tausayi kawai. Labari ba ya maye gurbin lissafi, ba ya maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje, ba ya kuma maye gurbin zaman koyon aiki na SIWES da asusun ITF ya ɓullo da shi a 1973. Sai dai da masana'antun suka mutu, yara da yawa yawon neman wurin koyon aikin suke, wani ya ƙare a ofis yana sayo wa ma'aikata abinci, a buga masa hatimi a littafi. Ga irin wannan yaro, labarin da aka kawo masa aji shi ne kusan duk abin da zai gani na aikin kafin ya fita.

Yanzu kuma ƙofa ta buɗe. Majalisar COREN mai kula da aikin injiniya, wadda aka kafa a 1970, ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington a 2023. Ma'aunin wannan yarjejeniya shi ne abin da ɗalibi ya iya yi ranar da ya gama: warware matsala mai sarƙaƙiya, aiki cikin rukuni, bayani, riƙon amanar sana'a. Duk jami'ar da ke son a amince da digirinta sai ta nuna shaidar haka. Hukumar NBTE kuma, mai tsara manhajar kwalejojin fasaha tun 1977, hedikwatarta a nan Kaduna take. Masu ikon gyara takardar jarrabawar ba su da nisa.

Gyaran da nake gani ba babba ba ne. Cikin tambayoyi huɗu ko biyar na jarrabawar ƙarshe, a ware ɗaya, ta dole, ta zama labarin aikin da ɗalibi bai taɓa gani ba: shafi ɗaya, da zane, da alƙaluma, har da waɗanda ba a bukata, a ce ya yanke shawara ya kare ta da lissafi. Na san abin da malamai za su ce, kuma ba ƙarya suke ba. Duba irin wannan amsa ya fi duba ma'anar kaza cin lokaci nesa ba kusa ba, ga takardu ɗari uku, ga wa'adin miƙa sakamako, ga albashin da ba ya kai wata. In hukumar makaranta tana son abin da gaske, sai ta rage wa malamin wani nauyin, ko ta ba shi mataimaka daga masu karatun gaba da digiri, ta kuma lissafa rubuta irin waɗannan labarai cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, kamar yadda ake lissafa maƙala. Malamin da bai samu ko ɗaya daga ciki ba, aƙalla ranar farko ta zango ya rubuta a allo maki nawa labarin zai ci, kuma ya gaya wa yaran tun da wuri cewa za su ji kamar sun rikice a makonnin farko, kada su ɗauka asara suke yi.